Birai da Tasar Kopila

A tudun Lamjung, can ƙasar Nepal,
inda gona ke hawa kan gona kamar matakalar bene,
masara ta yi goyo, gemunta ya yi ja,
birai kuwa sun riga manomi sanin ranar nuna.

Kopila, 'yar shekara goma sha ɗaya,
ita aka ɗora wa gadi.
Ta gaji da jifa, maƙogwaro ya gaji da ihu,
kujerarta a ajina ta kwana bakwai ba kowa.

Ran Talata ta zo mini da tarkace ƙunshe a gyale:
murfin gwangwani shida, tsinken ƙafar keke,
cokali mai lanƙwasasshen wuya, tsohuwar tasar kakarta.
Ta ce, "Malam, ƙoramar nan ba ta barci.
Me zai hana ita ta yi gadin?"

Na so in ce wannan ba ya cikin littafi.
Na haɗiye maganar, na naɗe ƙafar wando.

Ruwa ya tura murfi, murfi ya juya tsinke,
tsinke ya ɗaga cokali, cokali ya sauka kan tasa:
ƙwal!
Birai suka watse, har da mai goyo a ciki.

Kwana uku muna cika baki.
A na huɗu ga wani ƙaton biri zaune gefen tasar,
yana ɓare masara,
yana gyaɗa kai daidai da bugun.

Kaka Dhanmaya ta yi dariya har da riƙe ciki:
"Yarinya, kin ɗaukar wa ɓarawo makaɗi!"

Kopila ta yi kuka, kaɗan, a bayan gora.
Da ta fito ta zauna tana ƙirga bugu da yatsa,
ta ƙirga har rana ta faɗa bayan dutsen ƙanƙara.
"Malam, ya san lokacin da za ta buga.
Abin da ka san zuwansa ba ya razana ka."

Ta cire murfi biyu, ta murɗe ɗaya,
ta rataya guntun gora mai cika ya tuntsure
sa'ad da ya ga dama.
Yanzu tasar sai ta yi shiru kamar ta mutu,
sannan ta fashe da ƙara sau uku a jere.
Ni kaina na zubar da shayi saboda ita.

Ku da ke da yara a gida,
in kun ga aljihu cike da ƙusa da waya,
kada ku yi saurin kai tsintsiya.
In abin ya lalace, ku bar su su zauna gabansa,
a nan karatun yake farawa.

Har yau birai na cin gonar da ke can sama,
inda ƙorama ba ta kai ba.
Jiya na tarar da Sukbir, ƙanen Kopila, a wurin,
ya jiƙa yatsa da miyau ya ɗaga,
yana neman ta inda iska ke zuwa.