Layin Fensir a Jikin Ginshiƙi

Asabar ce, a wata unguwa can bayan Brisbane,
dillaliya Kerrin ta buɗe mana ƙofa,
bakinta kamar an shafa masa zuma:
ga rana tana shigowa falo da hantsi,
ga tashar jirgin ƙasa, minti tara a ƙafa,
ga makarantar da Imogen za ta shiga baɗi.
Declan har ya fara auna bango da ido,
yana neman inda zai rataye kekensa.

Ni kuwa ƙasa na sauka.
Gidan a kan ginshiƙai yake tsaye
kamar zalɓe a bakin fadama,
na kuwa san ba banza ake tsawon ƙafa ba.

A ginshiƙi na uku daga baya,
sama da kaina da taƙi guda,
wani ya ja layi da fensir,
ya rubuta wata da shekara.
An bi shi da fenti har sau biyu,
fensir ya ƙi mutuwa.

Na leƙa ta katanga. Wani tsoho, Mervyn,
yana ba tumatirinsa ruwa.
Na ce, "Baba, rafin nan fa?"
Sai da ya kashe famfo tukuna.
Ya ce, "Yau kya tsallake shi da silifa.
Yakan shekara goma yana barci.
Daren da ya farka,
a kan mangwaron can muka tsinci firjinmu."
Bai ce kar in saya ba.
Shi ma ai bai tashi ba.

Litinin na je ofishin tsara gari.
Mai tebur ta juyo mini taswira:
shuɗi ya kwanta a rabin filin, ruwa ke nan;
ja ya lashi gefen tudu,
inda itatuwan turare ke zubar da ganye
suna tara wa gobara abinci.
Ga wani layi mai ɗigo-ɗigo
ya ratsa ta bayan lambu:
titi ne da ba a haifa ba,
amma tuni an raɗa masa suna.
Ɗakin da nake so in ƙara wa mahaifiyata?
Sai an ɗaga shi mita ɗaya da rabi,
ita da gwiwarta ba ta shiri da matakala.

Mai inshora ya yi shiru a waya,
irin shirun da ya fi magana tsada.
Da ya faɗi kuɗin shekara
sai na nemi kujera.

Da dare Declan ya ce, "Ko'ina da nasa.
Kan tudu wuta, gangare ruwa,
tsakiyar gari kuma aljihunmu bai kai ba."
Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi.
Na ce, "Araha ba ta ado."
Ya ce, "Haya ma ba ta yi mana ba."
Muka kwanta kowa da bangonsa.

Alhamis aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Na tashi aikin dare a asibiti, ban nufi gida ba.
Na tsaya bakin titin da lema
ina kallon inda ruwa ya fi so.
Ya bi kwata, ya cika ta, ya ɗan yi shawara,
sai ya karkata, ya shige ƙarƙashin gidan
ba sallama, kamar ɗan gida.

Mervyn ya ɗago mini hannu ta taga.
Wayata tana ta ƙara, Kerrin ce,
wai wasu ma'aurata sun taya, in hanzarta.
Na bar ta tana ƙara.
Na shiga ƙarƙashi, ruwa iya idon sawu,
na jingina da ginshiƙi na uku,
na sa tafin hannu a inda kan Imogen yake kaiwa,
sannan na ɗaga ido
ina neman layin.