Shuɗin Arzika

Ƙarfe huɗu na tashi,
tun ladanin Garkawa bai gyara murya ba,
wai in riga rana zuwa wurin fenti.
Ashe a bango ta kwana.
Bulo na ta amayar da ita kamar tanda.

Ga motar bisa faifai,
tsawonta bai cika taƙi biyu ba.
Bodi na katakon akwatin shayi,
tayu daga tsohon silifas ɗin Barira,
gilashi daga gorar ruwa.
Wata bakwai ina haɗa ta,
ita da na tuƙa shekara goma sha tara,
Tawa zuwa Agadas da albasa,
a dawo da gishiri da ciwon baya.

Launi kaɗai ya rage.

Ɗana ya aiko kwalabe daga Yamai,
ƙanana kamar na turare,
kuɗin guda ya isa tiya biyu ta hatsi.
Na tsoma buroshi, na ja daga gindin ƙofa.
Ban kai madubi ba ya ƙafe.
Na koma in gyara,
gashin ya tono abin da ya shafa,
ya bar mini kunya-kunya
kamar gona bayan huɗa.

Na ɗiga ruwa, ya zama furar gidan rowa.
Na rage, ya zama tuwon jiya.
Na jiƙa tsumma a murfin kwano, na zuba shi bisa,
na koma gindin randa na kori kaji,
ya ƙara mini numfashi ɗaya tak.

Barira ta fito alwala, ta tsaya a kaina.
Ta ce, Kaka, ja ɗaya ka wuce,
komawar nan ce ke ɓata maka.
Na ce, je ki, ke da ba ki taɓa barin komi a baya ba.

Sau huɗu na kankare da reza.
A na biyar ban kankare ba,
na dai shafa yatsa a ƙofar,
sai yatsan ya gane wurin kafin ni.

Haka ƙofar take.
Arzika ne ya yi mata fenti a tasha,
ƙarƙashin bedi, tsakar bazara,
da buroshi mai faɗin tafi,
yana zagin rana, yana zagin mai shagon da ya sayar masa,
shuɗin na bushewa a hannunsa.
Kowace safiya nakan dafa kunyoyin nan
kafin in ce bismilla in hau.
Ban taɓa jin sumul ba.
Wa ya ce mini sumul take?

Arzika ya riga mu, shekarar da Babaye ya cika ya tumbatsa.
Motar kuwa a Ƙonni aka auna ta da kilo.

Na bar zanen yadda yake.
Na ɗauko tsinken tsintsiya, na tsoma a fari,
don rubutun da ke goshinta:
Gobe ma hanya ce.

Ga gobe. Ga ma, ta ɗan karkace.
Na ɗaga hannu in share zufa,
fentin ya ƙafe a bakin tsinke.

Ladani ya kira.
Na rufe kwalba, na kifa kwano bisa motar
kada kaji su hau.