Kunnen Ƙarfe

Ƙarfe shida, Szeged ba ta farka ba.
Taragon farko ya wuce ta bakin kogin Tisza, ba kowa a ciki,
ni kuwa ina can ƙasa, a ɗakin da ba shi da taga.
Etelka ta jera akwatuna uku a gabana.
"Zaɓi," ta ce, ta ja bakinta ta tsuke.

Ga tungstan, mai taurin kai, ba ya son lanƙwasa.
Ga filatinam, mai haƙuri,
ya yi wata uku cikin ƙwaƙwalwa bai yi tsatsa ba,
sai dai kuɗinsa ya kusa cinye albashina.
Ga na gilashi, wuta ta ja shi har ya sirance,
atishawa kaɗai ta isa ta karya masa baki.

Na kai hannu ga wanda ya fi ƙyalli.
Ta ƙwanƙwashe mini yatsa da fensir.
"Ido ba ya zaɓe a nan, Bendegúz. Tambayarka ke zaɓe.
Muryar ƙwaya ɗaya kake son ji,
ko hayaniyar unguwa duka?"

Na koyi tsoma shi a ruwan gishiri in auna turjiyarsa,
in yi wa tsininsa wankan zinariya,
in duba shi a madubin ƙara girma,
ko ya yi ƙugiya ban sani ba.

Ɓera na goma sha huɗu, a takarda lamba ne,
amma ita Morzsa take kiransa.
Yana barcin magani, an lulluɓe shi da tsumma mai ɗumi,
muka sauke wayar da ba ta kai kaurin gashin gira ba
sannu, sannu,
har lasifika ta fara tatsatsa
kamar gugguru a kasko.
Etelka ta cire tabarau. Ba wanda ya yi tari.

Wata Laraba ina saurin kama jirgin ƙasa,
mahaifiyata na kwance a asibitin Békéscsaba,
na bar wayar ba jiƙo.
Nama ya bushe mata a baki.
Na dawo, na ɗauraye sama-sama, na yi shiru.
Ran Litinin muka buɗe kan ɓera na goma sha biyar,
awa huɗu muna tsaye,
ba abin da ya fito sai shuuu.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.
Ta dai turo mini littafin lissafin dabbobi,
ta nuna layin da zan cike da hannuna.
"Ƙarfe ana saye," ta ce. "Wannan fa?"

Tun ranar nake jiƙawa kafin in cire safar hannu,
ya kwana a ruwan da ke narkar da nama,
in ɗauraye sau uku da tataccen ruwa,
auduga ba ta kusantarsa.
In kwantar da shi bakinsa a iska,
in rubuta kwanan wata a jikin murfi.

Bara hannunta ya soma rawa, ta ajiye aiki.
Yanzu barkono take shanyawa a Tápé.
Fensirin na nan cikin aljihun farar rigata.
Gobe sabuwar ɗaliba za ta zo, Villő,
na riga na jera mata akwatunan.