Murfin Kula

Tun asuba Barira ke murza lemun tsami
a gindin turmi da tafin hannu,
wai sai an lallashe shi yake sakin ruwa.
Talatin da biyu muka sayo a Jiratawa,
uku sun ƙeƙashe kamar gwiwar tsoho.

Ni ke yanka, ita ke matsewa.
Ashe akwai tsaga a yatsana,
lemun ya riga ni gano ta.

Sukari ludayi huɗu. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.
Na biyar. Sai dakakkiyar citta,
da na'ana'ar da ke tsirowa a gindin randa.

Wuta ta ɗauke tun daren jiya.
Muka aiki Mantau Mokoyo da dala ashirin,
ya dawo a guje, ƙanƙara cikin buhu,
rabinta bazara ta karɓi zakka,
ta tsiyaye ta bayan rigarsa.

A bakin tafkin Madarumfa,
mun shimfiɗa tabarma ƙarƙashin gawo
kafin mu tuna kofuna suna gida.
Murfin kula ya zagaya mu tara.

Wani masunci ya kurɓa, ya lumshe ido,
bai ce uffan ba, ya gangara jirginsa,
ya dawo da karfasa biyu
suna motsi.