Hawa Ɗari da Sittin da Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a Valparaíso,
garin da aka shanya a jikin tsauni kamar wanki.
Nan ba a tambayar nisa, sai dai a ce: hawa nawa?
Daga kasuwar kifi zuwa ƙofar gidana
ɗari da sittin da biyu.
Ƙafata ta hagu ta haddace su
fiye da yadda na riƙe sunayen jikoki.

Cikin sanyin Yuli na laluba na ji shi,
ƙullutu a bayan cinya, kamar an binne ƙwai a tsoka.
Babu zafi. Shi ya yaudare ni.
Na ce wa Eliana gajiya ce ta dunƙule.
Ta taɓa, ta janye hannu,
ta tashi ta goge mini rigar fita.

Likita Oyarzún sa'ar 'yata ce.
Ta juyo da hoton, ta nuna da gindin biro:
farin tsibiri a tsakiyar baƙin ruwa.
"Sarkoma sunansa, dangin sankara, a nama yake kama gida.
Ba shi kaɗai zan cire ba, Don Nibaldo,
sai na haɗa da lafiyayyen da ke kewaye.
Mai yanke ruɓar dankali ba ya tausayin gefe.
Ga jijiya kwance dab da shi.
Ina fatan in tsallake ta. Ban yi alkawari ba."

In na ƙi wuƙar fa?
"Mu gasa shi da hasken na'ura, mu rage masa sauri.
Amma matafiyi ne irinka,
kuma huhu ya fi son sauka."

Ta ba ni takarda, da mako guda.

Maite ta bugo daga Santiago tana kuka: Baba, sa hannu.
Hermógenes mai gyaran raga ya ce
an yanka surukinsa, bai ga bazara ba.
Eliana dai miya take ta dafawa,
tukunya bayan tukunya, babu mai sha.
Kowa da ƙafafunsa biyu yake ba ni shawara.

Daren Laraba barci ya ƙi.
Kafin jiragen ruwa su yi kukan asuba
na zare sandar tsintsiya, na sauka har ƙasa,
na ce wa ta hagun: yau ke matacciya ce, mu gwada.
Na ja ta kamar buhun gishiri.
Hawa ashirin, gumi. Hamsin, na zagi tsaunin.
A na tamanin da bakwai na zauna,
na ga an karce suna a siminti, Amparo, da rabin zuciya.
Shekara talatin da ɗaya ina taka yarinyar nan
ban taɓa gaishe ta ba.

Sai ga ƙwas, ƙwas daga ƙasa.
Doña Clorinda ce da sandarta da burodinta,
ƙugun ƙarfe tun kafin a haifi Maite.
Ta dubi tsintsiyar, ta dube ni.
"A ɗaya hannun ake riƙewa, sakarai.
Mai lafiyar ce ke fara hawa."
Ta wuce ni.

Minti hamsin, abin da nake yi a shida.
Amma ƙofar tana nan inda na bar ta,
Eliana a bakinta, da bargo a kafaɗa.

Tsoron bai tafi ba, kada in yi ƙarya.
Na sa hannu yana kallona.
Na ninke takardar uku, yadda ake yi,
na jefa ta cikin tsohuwar jakar fata.
Ban taɓa ɗaukar wasiƙa mai nauyinta ba:
ni na aiko, ni zan kai,
amsar kuma a jikina za a rubuta.