Gwiwa a Gadon Baya

A Winnipeg ƙanƙara ta toshe bakin ƙofa,
ni kuwa ina ɗakin horo, kan shuɗiyar katifar roba,
ana biyana don a kama ni.
Dala ashirin da biyu duk awa,
ga shayi, ga miyar dankali har na ƙoshi.

Sau goma sha tara aka kama ni jiya.
Da safe ni ɗan ƙwaya ne a tashar bas,
da hantsi mai wuƙar kicin,
da yamma mai zagin fitilar titi.
Duk takardar da aka miƙo, ita nake sawa kamar riga,
in yi tirjiya, in yi fushi.

Sajan Lorna Hrynyk na tsaye da agogo a hannu.
"Faɗa masa sunanka. Faɗa masa dalili.
Baki kafin hannu, hannu kafin sanda,
sanda kuma sai in hanya ta ƙare."
Yaran na gyaɗa kai kamar ƙadangaru,
rabinsu haɓa ba ta ko tsirar da gashi.

Sai aka turo mini Corwin Desjarlais,
ƙato, kafaɗa kamar ƙofar gareji,
hannunsa na rawa tun bai taɓa ni ba.
Na san irinsu, tsoro ne ke ƙara musu nauyi.
Ya murɗe hannuna, ya share ƙafata,
kuncina ya sha roba, ankwa ta ce ƙaras,
ya ɗora gwiwa tsakanin kafaɗuna,
ya zauna daram kamar mai bin bashi.

Ɗaya. Biyu. Bakwai.
Haƙarƙari zugazugi ne,
ka danne shi, wuta ta mutu.
Sha biyar. Igiyar takalmin Lorna ta kwance. Ashirin.
Na bubbuga katifa sau biyu, alamar a sake ni,
bai ji ba, yana ta oba-oba,
yana shaida wa ofis ya gama da ni,
ni kuwa ina laluben inda na ajiye numfashi.

Usur ya tsaga ɗakin.
"An sa ankwa, faɗa ya ƙare!
Juya shi gefe. Zaunar da shi. Dubi fuskarsa.
Daga nan amana ce a hannunka,
in kuwa ya..." Ba ta ƙarasa ba.
Ya ɗage gwiwar kamar ya taka garwashi.

Ba su san abin da ya kawo ni nan ba.
Ƙanina Elwood, bayan wani kanti a titin Selkirk,
shekara ashirin da shida ke nan.
Ba katifa, ba usur, ba mai riƙe agogo.
An ce shi ma ya bubbuga ƙasa.
Takarda ta ce zuciya ce ta tsaya.
To, wace zuciya ce ba ta tsayawa?
Mahaifiyarmu ta ajiye hularsa kan firji,
har ta rasu tana cewa da sauran ƙamshi.

Lokacin hutu yaron ya same ni gun famfo,
ina murza tsintsiyar hannu inda ƙarfe ya ci.
Ya ce, "Na ɗauka daƙiƙa biyar ce."
Na ce, "Talatin da ɗaya. Na ƙirga."
Ya tsaya duban gwiwarsa
kamar wani ne ya ara masa ita.
Ban ba shi labarin Elwood ba.
Na ce, "Mu koma, ka sake kama ni,
amma wannan karon ka saurari nishi."

Bayana ya tsufa, likita ya ce in bari.
Na ce sai baɗi. Bara ma haka na ce.
Akwai aji mai zuwa, su ashirin da huɗu,
gwiwa arba'in da takwas,
kowace sai ta san nauyinta a kaina
kafin ta fita titi ta sami wani
wanda ba a biyansa ko kwabo,
wanda in ya kwanta ba lalle ne ya tashi.