Shufa'a

Ɗaki biyu da falo, hawa na uku, a Hanwa.
Shekara sha tara ina hawa da bokiti
duk ranar da famfo ya yi mana rowa.

Bana gwiwa ta ce ta gama da matakala.
Zan koma Kwarbai, cikin ganuwa.
Wani ɗan Kaduna ya zo da dillali,
ya ƙwanƙwasa bango kamar mai zaɓen kankana,
ya ce miliyan sha huɗu, lakadan.

Sai ga Malam Barau, sakataren kwamitin gida,
da takardar da ɓera ya ɗanɗani kunnenta:
"Hajiya Ladidi, duba shafi na shida.
Mu ne farko. Kwana talatin.
In mun gaza, ki sallama wa kowa."
Sa hannuna ne a ƙasa,
na ranar da murnar makulli ta hana ni karantawa.

Na yi fushi har la'asar.
Wa ya ba maƙwabci iko a kan gumina?
Ina alwala na tuna
shekarar da mai injin niƙa ya taya ɗakin ƙasa.
Ni ce na fi kowa ɗaga murya.

Yanzu suna karo-karo.
Talatu mai ƙosai ta kawo adashinta a baƙar leda,
ɗanta ne zai tare in kuɗin sun cika.

Saura kwana tara.
Jiya ɗan Kaduna ya kira sau uku.
Ban ɗaga ba.
Lambar ma ban goge ba.